Kafin ka miƙa wa ejan kuɗin bizar Ingila, karanta wannan

Assalamu alaikum ƙanena,

Saƙonka ya iso, na kuma saurari muryoyin da ka turo har ƙarshe. Ina taya ka murnar kammala bautar ƙasa, da gurbin digiri na biyu da jami'ar ta ba ka. Allah ya sa albarka. Na ga gara in zauna in rubuta maka a tsanake maimakon mu yi ta waya layi yana yankewa, don ka samu ka karanta wa Baba, tunda aljihunsa maganar za ta fi taɓawa.

Abin da na fahimta shi ne wani ejan ya ce ka ba shi kuɗi ya haɗa maka komai. Zai zuba kuɗin aro a asusunka a buga takardar banki sannan ya kwashe abinsa, zai sa maiɗakinka da yarinya cikin takardun ku taho tare, in ka iso kuma aiki ne zai biya ragowar kuɗin makaranta. Ka ce in gaya maka ko haka ake yi. Akwai masu yi, ina ganinsu a nan, ina kuma ganin yadda suke ƙarewa. Cikin ukun nan babu wanda zan yarda ka taka.

Ka fara sanin wanda ke ba da bizar. Sashen biza na Ma'aikatar Cikin Gidan Birtaniya ne, wanda ake kira UKVI. Wurin da za ka je a Abuja ko Legas a ɗauki hotonka da zanen yatsunka na kamfani ne, VFS Global, wanda ya karɓi aikin daga TLScontact a ƙarshen 2024. Su karɓa suke yi su miƙa, ba su da ta cewa a kan a ba ka ko a hana ka. Wanda zai yanke hukunci bai san ka ba, ba zai ga fuskar ejanka ba, takardu ne kawai a gabansa a kwamfuta. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da mutum a ciki, kuɗinka yake so. Fom ɗin ma a shafin gwamnatinsu na gov.uk yake, da Turanci mai sauƙi, wanda ya gama digirin injiniya ba zai kasa cike shi ba. Ban ce duk ejan macuci ne ba. Akwai waɗanda jami'o'i suka yi wa rajista, jami'ar ce ma ke biyansu lada a kan kowane ɗalibi. Amma ko da irinsu ka yi aiki, kada a tura fom da sunanka sai ka karanta shi layi-layi, kuma imel da lambar sirrin su kasance naka. Duk abin da aka rubuta a ciki kai ka faɗa, ranar da aka kama ƙarya ba za a nemi ejan ba.

Wasiƙar gurbin da ke hannunka ba ita ake neman biza da ita ba. Sai jami'a ta ba ka CAS, wata lamba ce da take shaida wa gwamnati cewa ta ɗauki nauyin zamanka a matsayin ɗalibi. A cikinta akwai kwas ɗinka, ranar farawa da gamawa, kuɗin makaranta da abin da ka riga ka biya. Sau ɗaya ake amfani da ita, kuma tana mutuwa bayan wata shida. Jami'a ba ta bayarwa sai ka cika sharuɗɗanta, yawanci har da biyan kafin alƙalami mai kauri. Kafin ka tura ko kwabo, duba sunan makarantar a jerin masu lasisin ɗaukar ɗaliban waje da gwamnati ke wallafawa, ka karanta ƙa'idarsu ta mayar da kuɗi in an hana biza, domin da yawansu ba sa mayarwa idan takardar bogi ce ta jawo ƙin. Kuɗin kuma ka tura kai-tsaye ta hanyar da jami'ar ta nuna, ba asusun wani mutum ba.

Za su iya kiranka hira ta bidiyo kafin su ba ka CAS, UKVI ma kan kira wasu. Tambayoyin ba masu wuya ba ne: me ya sa wannan kwas, me ya sa wannan jami'a ba wata ba, waɗanne darussa ne a ciki, wa zai biya, me za ka yi da shi bayan ka gama. Masu faɗuwa su ne waɗanda ejan ya zaɓa wa kwas, ba su ma san garin da makarantar take ba. Jami'o'in suna tsanantawa ne saboda in aka yawaita ƙin ɗalibansu lasisinsu na iya tafiya.

To mu zo kan kuɗi, nan ne akasarin mutanenmu ke karyewa.

Abin da za ka nuna kashi biyu ne. Na farko, ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko da ba ka biya ba, kamar yadda CAS ta rubuta. Na biyu, kuɗin zama na wata tara. Tun daga Nuwamban 2025 lissafin shi ne fam 1,529 a wata ga mai karatu a Landan, fam 1,171 ga wanda ke wajenta. Tunda makarantarka ba a Landan take ba, wata tara ya kama fam 10,539. Ka lura da yadda abin ke hawa: kafin 2025 fam 1,023 ne a wajen Landan, a Janairun 2025 ya koma 1,136, kafin shekarar ta ƙare aka sake ƙarawa. Don haka ranar da za ka cike fom ka sake duba adadin a gov.uk, kada ka dogara da abin da wani da ya taho bara ya gaya maka, har da ni.

Kuɗin nan sai sun kwana 28 a jere a asusu, ba su yi ƙasa da adadin ba ko na yini guda. Ranar ƙarshe da ke jikin takardar bankin kuma kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka shigar da takardarka. Idan a rana ta ashirin banki ya cire ɗan kuɗin saƙon tes ya sa adadin ya gaza da naira ɗari, sai ka sake ƙirga daga farko. Ga kuma canji. Nairarka za su juya zuwa fam da farashin shafin OANDA na ranar da ka shigar da takarda, ba na ranar da ka zuba kuɗin ba, ba kuma na 'yan canjin Wapa ba. Naira na iya zamewa cikin makonni huɗun nan, kuɗin da suka isa jiya su gaza yau. Ka ɗora rara mai kyau a kai.

Wani abu kuma da mu Hausawa ba mu cika ganewa ba: asusun wa za a nuna. A wajenmu ƙanin uba uba ne, wan mutum ma uba ne, in baffa ya ce ya ɗauki karatunka magana ta ƙare. A dokarsu ba haka ba ne. Asusun ya zama naka, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko wanda kotu ta naɗa mai riƙonka. Na baffa ba ya shiga, na kawu ba ya shiga, nawa ma da nake yayanka ba ya shiga, haka asusun shagon Baba mai sunan kamfani. In na Baba na kansa za a nuna, sai an haɗa da takardar haihuwarka mai ɗauke da sunansa da wasiƙar da ya sa wa hannu cewa ya yarda ka yi amfani da kuɗin. In baffa ne zai taimaka da gaske, ya tura maka kuɗin asusunka tun da wuri a matsayin kyauta, ku ajiye shaidar inda suka fito. Takardar fili, gona, shanu ko buhunan da ke sito ba sa cikin lissafi, sai tsabar kuɗin da za a iya cira yau.

Dabarar ejanka iri biyu ce, ban san wacce yake nufi ba sai ka tambaye shi. Wasu takardar bankin suke ƙirƙira ko su gyara lambobi. UKVI na tuntuɓar bankuna, in suka gano, ba ƙin biza kaɗai ba ne, haramcin shiga ƙasar ne na shekara goma. Daga nan kuma duk fom ɗin Amurka, Kanada ko Ostireliya da za ka cike akwai tambayar ko an taɓa hana ka biza, ka ga ramin ƙarya ƙurarre ne. Wasu kuma kuɗin gaske suke zubawa su kulle asusun na wata guda, ka biya su ruwa mai tsada. Ban da maganar riba da kai ma ka san hukuncinta, doka ta ce kuɗin su zama naka ne da za ka iya kashewa, jami'i na da ikon ƙi idan ya ga miliyoyi sun faɗo rana ɗaya cikin asusun da bai saba ganin komai ba sai alawus ɗin bautar ƙasa. Amma a ce ma ka tsallake. Ka sauka a watan Satumba, sanyi na shigowa, mai gida na neman kuɗin haya da na ajiya, makaranta na jiran kashi na biyu, kuɗin da ka rantse kana da su kuwa sun koma wajen mai su. Wannan ya fi ƙin bizar ciwo, don wanda aka hana yana gida cikin danginsa.

Ban da waɗannan akwai kuɗin da za ka biya kai-tsaye a lokacin nema. Kuɗin bizar ɗalibi ya tashi daga fam 490 zuwa 524 a Afrilun 2025, kusan kowace shekara ana taɓa shi. Sai harajin lafiya, IHS, wanda ke ba ka damar ganin likita a asibitocin gwamnati: fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024. Kwas na wata 12 bizarsa ta fi shekara, don ana ƙara wata guda a gaba da wata huɗu a baya, saboda haka na shekara ɗaya da rabi za ka biya, fam 1,164, a dunƙule. In an hana biza ana mayar da na lafiyar, na bizar kuwa ya tafi.

Maganar maiɗakinka ita ta fi damuna, don na ji a muryarka ka riga ka yi mata alkawari. Tun 1 ga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na zaman aji, irin naka, ba shi da izinin kawo iyali. Waɗanda aka bari su ne masu digirin digirgir, da masu digiri na biyu na bincike zalla, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu a kwas da ya wuce wata shida. Mutanen da ka ga sun taho da mata da yara a 2021 da 2022 sun shigo kafin a rufe ƙofar ne. Ejan da ya ce zai sa ta, ko dai bai san aikinsa ba ko yana shirin nema mata bizar ziyara ya ce ta zauna. Bizar ziyara wata shida ce iyakarta, ba a aiki da ita, ba a juya ta zuwa wata a cikin ƙasar, wanda ya wuce wa'adi kuma ya zama mai zaman ɓoye. Ka yi tunanin mace da ƙaramar yarinya cikin wannan hali, ba ta iya kama haya da sunanta, tana tsoron zuwa asibiti. Haka kuma in ka gama ka koma bizar bayan karatu, wadda ba ta zo a matsayin iyalinka tun kana ɗalibi ba ba za ta iya biyo ka a kanta ba. To ka zaunar da ita ka gaya mata gaskiya: rabuwa ce ta shekara ɗaya da wani abu aƙalla, a san inda za ta zauna, a san wa zai riƙe cefane. Iyayenta ma suna da haƙƙin su ji daga bakinka. In kuwa rabuwar ba za ta yiwu ba, ka karkata neman zuwa karatun bincike ko tallafin gwamnati, ka san kuma ko a can sai an nuna fam 680 a wata na wata tara ga kowane mutum a wajen Landan, da kuɗin biza da harajin lafiyar kowannensu, da takardar aure rubutacciya, don shaidun ɗaurin aure a ƙofar gida ba sa isa.

Yanzu ɗauko fasfo ɗinka, da NIN, da sakamakon WAEC, da takardar digiri, da takardar haihuwa, ka shimfiɗa su a tabarma ka duba sunanka a kowacce. Na san gidanmu. A firamare an rubuta Muhammadu, a sakandare Mohammed, a jami'a Muh'd, wani wurin sunan Baba ne a ƙarshe, wani wurin sunan garinmu. Ranar haihuwa ma wani malami ne ya yanka ta a ka. A gida ba wanda ya damu, a nan kuwa harafi ɗaya kan tsayar da CAS makonni. Abin da ke fasfo shi ne sunanka, komai ya bi shi. Inda aka samu saɓani ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka sanar da jami'a tun yanzu, kada ka bari sai Agusta lokacin da dubban ɗalibai ke kansu. Kada kuma wani ya ba ka shawarar rage shekaru a sabon fasfo, zanen yatsa ba ya canzawa.

Gwajin tarin fuka dole ne ga duk mai zama a Najeriya da zai yi fiye da wata shida a Birtaniya. Ba kowane asibiti ake karɓa ba, komai girmansa, sai waɗanda suka amince da su, kamar cibiyoyin IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja da Legas. Hoton ƙirji ne, takardar tana aiki wata shida. In hoton ya nuna wani tabo za su ce ka kawo majina a yi gwaji, sakamakon na iya kai wa mako takwas. Wanda ya bar gwajin sai ƙarshe zai iya rasa zangon gaba ɗaya a kan wannan kaɗai.

Tunda fanninka injiniya ne, duba wasiƙar gurbin ko ta ambaci ATAS. Izini ne daga ma'aikatar harkokin wajensu ga wasu kwasa-kwasan kimiyya da injiniya na gaba da digiri. Kyauta ne, amma yana cin makonni, kuma in kwas ɗinka na buƙatarsa ba za a ba ka biza babu shi ba. Turanci kuwa jami'a ce ke tantancewa a matakin digiri. Da yawa suna karɓar C6 na WAEC, wasu sai jarrabawar Turanci ta IELTS. Abin da jami'arka ta rubuta shi za ka bi.

Ana iya shigar da takarda tun wata shida kafin fara karatu, amsa kan fito cikin mako uku bayan ɗaukar yatsu, sai dai lokacin cunkoso. A fom ɗin za a tambaye ka ko wata ƙasa ta taɓa hana ka biza. Na tuna ka nemi ta Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, an ƙi. Ka rubuta. Ƙin da aka yi maka a baya ba ya hana wannan, ɓoye shi ne ke zama yaudara. In kuma aka hana ka kana ganin jami'in ne ya yi kuskuren lissafi, kana da kwana 28 ka nemi a sake duba hukuncin, kuɗinsa fam 80, amma ba a karɓar sabuwar takardar da ka manta tun farko.

Sai batun aiki, wanda a kansa ejan ya gina maka gida. Ɗalibin digiri yana da izinin awa 20 a mako lokacin karatu, mako kuma daga Litinin zuwa Lahadi ne, ba a tara na wannan mako a kai wancan. Lokacin hutu ana iya cikakken aiki, sai dai mai digiri na biyu ba shi da dogon hutun bazara kamar sauran, don lokacin ne yake rubuta kundinsa, jami'o'i da yawa kuma suna ƙirga shi cikin zango. Ba a yarda ka yi sana'ar kanka ba, wato kai abinci a keke ko tuƙin tasi ta manhaja a matsayin mai zaman kansa duk sun fita. Tallafin gwamnati na marasa ƙarfi ma ba naka ba ne. Yanzu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya kama fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Awa 20 ya ba ka fam 244 a mako, wajen fam 1,050 a wata, in ka samu aikin kenan, in kuma an ba ka awannin cif. Gwamnati da kanta ta ce zama a wajen Landan na cin fam 1,171. Abin da za ka samu bai kai ci da haya ba, ina maganar dubban fam na makaranta, ina na aika wa iyali?

Masu ƙetare awannin suna aikin ɓoye a biya su a hannu, rabin albashi, ba su da bakin kuka. Suna kwana a sito ko gidan kula da tsofaffi, su kasa zuwa aji. Jami'a kuwa dole ne ta ƙirga halartarka, in ka ɓace ko ka kasa biya ta janye CAS ta sanar da gwamnati, a taƙaita bizarka zuwa kwana 60 ka tattara. Ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, ɗaliban da suka taho da lissafin tsohon canji suka wayi gari ajiyarsu ta narke. A Mayun 2024 kafafen labarai sun ɗauko labarin 'yan Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar saboda sun kasa biya a kan lokaci, aka ce su bar ƙasar. Waɗannan ma da kuɗinsu na gaske suka zo. Shi ya sa nake cewa duk abin da za a iya biya na makaranta a biya shi kafin ka taso, abin da ya rage kuma a mayar da shi fam ko dala, kada a bar shi a naira.

In ka ƙi wannan hanya ejan zai iya kawo maka wata, ya ce akwai takardar aikin kula da tsofaffi ta sayarwa. An rufe ɗauko ma'aikatan wannan fanni daga waje tun 22 ga Yulin 2025. Tun kafin rufewar ma mutane sun sayar da gidaje sun sayi takardar, suka iso suka tarar kamfanin ba shi da aiki ko an ƙwace lasisinsa.

Idan Allah ya sa an ba ka, kada ka jira ganin tambari a fasfo. Tun Yulin 2025 ɗalibai bizar intanet ake ba su, katin zama na roba da muka saba riƙewa ma an daina shi a ƙarshen 2024. Za ka buɗe asusun UKVI, ka haɗa shi da fasfo ɗin da za ka yi tafiya da shi, ka tabbatar suna da ranaku daidai suke kafin ka sayi tikiti. Daga asusun ne za ka riƙa ciro lambar da mai gida da mai aiki za su duba. In ka sabunta fasfo ka sabunta a can, in ba haka ba a filin jirgi za a tsayar da kai. Kada ka taso kafin ranar da bizar ta fara, kada kuma ka wuce ranar ƙarshe ta rajista da jami'a ta sa.

Wajen tikiti ka kula da inda jirgin zai yada zango. Birtaniya ba ta cikin Shengen, bizarta ba ta shigar da kai Faransa ko Jamus, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da ake nema wa bizar wucewa a filayen jiragen Shengen ko da ba za ka fita waje ba. Kafin ka sayi mai arha da ke tsayawa a can, ka tambayi kamfanin jirgin a rubuce. Ta Doha, Alƙahira ko Adis Ababa ya fi maka kwanciyar hankali, kuma kana iya tashi daga filin Malam Aminu Kano.

Biza ba ta gama magana ba sai jami'in kan iyaka ya bar ka ka wuce. CAS, takardar tarin fuka, takardar banki, shaidar biyan makaranta da adireshin inda za ka kwana, duk su zama a jakar hannu, a buge a takarda, don waya na iya mutuwa. Zai iya tambayarka abin da za ka karanta da wanda ke biya. Ka amsa gajere, abin da ke fom ɗinka. Na san Hajiya za ta so cika maka akwati, to ka lallashe ta: nama da madara daga Najeriya haramun ne shigo da su, kilishi, dambun nama, man shanu, duk ƙwacewa za a yi, wani lokaci da tara. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yaji mutane na shigowa da su, in an tambaye ka ka faɗi abin da ke ciki. Maganin da ke da tiramadol ko kodin kada ya shiga kayanka sai da takardar likita mai sunanka. Tsabar kuɗi in sun kai fam 10,000 sai an bayyana. Saƙo kuma, komai girman wanda ya kawo, in ba a buɗe shi a gabanka ka ga abin da ke ciki ba kada ka karɓa. Za a ce ka yi girman kai, a ce.

Sai tambayarka kan bayan karatu. Akwai bizar da ke ba wanda ya gama damar zama ya yi aiki, an fara ta a Yulin 2021, shekara biyu ce, masu digirin digirgir uku. Gwamnati ta sanar cewa masu nema daga 1 ga Janairun 2027 wata 18 za su samu, kai kuma cikinsu za ka faɗa. Bayanta sai ka samu kamfani mai lasisi ya ɗauke ka, albashin da ake nema a ƙa'ida ya kai fam 41,700 a shekara tun Yulin 2025, ko da yake akwai sassauci ga sababbin kammalawa. Ana samu, injiniyoyi ma sun fi wasu dama, amma ba abin da za a jingina gonar gado a kansa ba ne.

Ga ra'ayina. In kuɗin makaranta da na zama suna nan na gaske ba tare da an sayar da gonar Baba ba, maiɗakinka kuma ta yarda da zuciya ɗaya, ka nema da kanka, zan bi fom ɗin tare da kai ta bidiyo. In babu, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka rubuta wa jami'ar ka roƙi a ɗage maka gurbin zuwa zango na gaba, yawancinsu suna yarda. Kafin nan ka kama aiki ka nemi tallafi. PTDF, asusun gwamnatin Najeriya na bunƙasa fasahar man fetur, na ɗaukar 'yan fannin mai da injiniya, akwai na Kwamanwel, akwai Chevening ta gwamnatin Birtaniya da ke biyan makaranta, zama da jirgi, sai dai tana son gogewar aiki ta shekara biyu da alkawarin komawa gida na shekara biyu. Wasiƙar irin waɗannan hukumomi ita ke tsaya maka a madadin takardar banki.

Ka turo min hoton wasiƙar gurbin duka shafukanta, da shafin fasfo mai hotonka, da na WAEC da digiri, in duba sunayen da batun ATAS a ƙarshen makon nan. Ka tambayi Baba ko kuɗin a asusunsa na kansa suke ko na shago. In ka riga ka ba ejan fasfo ɗinka, gobe ka je ka karɓo shi.

Ka gaida Baba da Hajiya, ka gaida maiɗakinka, a shafa min kan yarinya.

Yayanka.